Raddi Ga Masu Neman Lahira A Cikin Faɗin Sarari

Ka sani wata magana ta yaɗu a bakin waɗansu masu ilmin taurari da mabiyansu. Suna cewa idan sararin samaniya ba shi da iyaka, to mutum zai sake rayuwa bayan mutuwa ba tare da Mai tayarwa ba. Hujjarsu ita ce, jikinka ƙwayoyin zarra ne, hanyoyin jera su kuwa ƙididdigaggu ne, saboda haka inda babu iyaka tilas jerin ya maimaitu. A shekarar 2003 wani masani a Amurka, Maks Tegmak, ya lasafta cewa akwai mai kama da kai sak, a nisan da takardun duniya duka ba su ɗaukar sifirin lambarsa.

Ka lura, tushen ginin nan zato ne. Abin da na'ura ke hangowa yana da iyaka, domin haske bai yi tafiya fiye da shekara biliyan 13.8 ba. Abin da ke bayan nan, ba wanda ya auna shi.

To, mu bar musu wannan, a ce yana nan. Shi ɗin kai ne? Bisa lissafinsu, yanzu haka kana raye yana raye. Ka taɓa ƙoshi da tuwon da ya ci? In ƙaya ta soki Hassan, ai Husaini ba ya ɗingishi, alhali ciki ɗaya suka kwanta. Wanda bai zama kai ba yau, ta yaya zai zama kai ranar da aka kai ka kushewa? Ko Lukiritiyas, mawaƙin Rum wanda ya rayu kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu, ga shi bai yarda da lahira ba, amma ya fi su adalci, domin ya tabbatar cewa ko zamani ya sake tara ƙwayoyin jikinmu, ba abin da ya shafe mu, tunda igiyar tunawa ta tsinke.

Watakila su ce maka, ai tashin ƙiyama ma sake tarawa ne. Ka ce a'a. Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 ta Hijira, ya amsa irin wannan a Tahafutul Falasifa da cewa rai yana wanzuwa bayan mutuwa, shi ake mayarwa ga jiki. Akwai abin da bai tsinke ba ke nan. Su kuwa sun kore rai tun farko, sa'an nan suna neman wanda zai farka.

Abin da ya fi ba ni takaici, suna kiran wannan bushara. Lahirar da babu hisabi a cikinta, wa ta yi wa amfani? In jeri yana maimaituwa, azzalumi ma yana dawowa da zaluncinsa. Marayan da aka cinye wa gado za a sake cinye masa, a kuma sakewa, ba adadi, kowane karo mai cin yana mutuwa bisa shimfiɗarsa, ba wanda ya tambaye shi.