Kafin ka kai motarka wajen fanal-bita saboda 'yar lotsawa, tsaya ka karanta wannan

Yau za mu ɗan sauka daga kan maganar waya mu taɓa mota, amma kar ka ajiye wayar taka, don da ita za ka fara aikin.

Duk wanda ya taɓa shiga Wudil da mota ranar Juma'a ya san abin da nake nufi. Tun daga gada har zuwa kara, ga tireloli na lodin shanu, ga 'yan acaɓa, ga masu baro, ga adaidaita sahu, kowa na neman hanya. Ka faka RAV4 ɗinka ko CR-V a gefen titi ka shiga cefane, ka dawo ka tarar ƙofa ta lotsa kamar an danna da gwiwa. Fenti lafiya lau, ko ƙwarzane babu, lotsawar ce kawai. Abokinka zai ce maka, "Ai ba komai, kai ta wajen fanal-bita ya buga ya fesa." Ni kuma ra'ayina shi ne, a irin wannan lotsawar, guduma da fenti sun fi lotsawar kanta yi wa motarka illa.

Bari in faɗa maka dalili. Fentin da mota ta fito da shi daga kamfani ba ya maimaituwa a gareji. A kamfani sai an tsoma jikin motar gaba ɗaya cikin wani ruwan sinadari mai hana tsatsa, sannan a bi da shimfiɗun fenti hawa-hawa, a gasa a tanda mai zafin da ya haura digiri 100. Duka kaurinsa bai kai rabin milimita ba, amma yana jure ranar Kano shekara da shekaru. Idan aka kai wa fanal-bita, yawanci zai buga wurin, ya goge da samfefa har ƙarfe ya fito, ya shafa fila, sannan a fesa. Ranar da ka karɓa za ta yi ƙyalli. Bayan damina ɗaya ko biyu sai ka ga launin ƙofar ya bambanta da na sauran jiki, filar ta fara tsagewa, tsatsa ta soma ci ta ƙasa.

Sai maganar kuɗi. Ranar da ka tashi sayar da motar, tambayar farko da dillali zai yi maka ita ce, "Fes bodi ce?" Da zarar ya shafa ƙofa ya ji fila, ko ya ɗora mayen ƙarfe ya ga bai kama sosai ba, shi ke nan, ya samu abin karya maka farashi. Kuma ba zai yarda cewa baro ne ya taɓa ta ba, cewa zai yi ta yi hatsari.

Akwai wata hanya da ake kira PDR a taƙaice, wato fitar da lotsawa ba tare da an taɓa fenti ba. Mai aikin zai zura wata doguwar sandar ƙarfe mai lanƙwasa ta bayan wurin, ko ta ramin gilashin ƙofa, ko ta wajen fitila, ko ta cikin fenda, ya riƙa turo ƙarfen a hankali, ɗan kaɗan-kaɗan, har ya koma mazauninsa. Yana kafa wata fitila mai layi-layi a gefe, yana kallon hasken a jikin fentin. Inda layukan suka karkace, nan ciwon yake. Inda sanda ba ta isa ba, sai ya manna wani ɗan maɓallin roba da gam mai zafi ta waje ya ja, in wuri ya ɗan taso ya mayar da shi da tsinken roba. A Amurka, inda ƙanƙara ke yi wa motoci ruwan duwatsu, wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma kamfanonin inshora sun yarda da ita. Ƙaramar lotsawa takan fita cikin awa ɗaya ko biyu, ka tafi da motarka a ranar.

Amma fa ba kowace lotsawa ce take fita ta haka ba, don kar wani ya ci kuɗinka a banza. Ga yadda za ka gwada da wayarka. Wanke wurin, ka kai motar inuwa, ka kunna tocilar waya ka haska ta gefe, ba kai tsaye ba. Duba abu huɗu. Fentin ya tsage ko ya ɓare? Lotsawar tana da kaifi kamar an sara da adda, ko mai laushi ce kamar tafin hannu? A tsakiyar ƙofa take ko a baki-baki inda ƙarfe ya ninku biyu? An taɓa yi wa wurin fila a baya? Idan fenti lafiya, lotsawar mai laushi, a fili take, kuma ba a taɓa aiki a wurin ba, to akwai kyakkyawan zato za ta fita. Ka ɗauki hoto daga kusurwa uku da ɗan gajeren bidiyo kana tafiya a gefen motar, ka tura wa mai gyara ta WhatsApp kafin ka ƙona mai. Ƙananan jif irin su RAV4 da CR-V suna da ƙofofi masu faɗi, sai dai suna da layin ado da ya bi ta jikinsu, kuma in lotsawa ta faɗa kan layin nan, aikin ya fi wuya, sai gwani.

Yanzu mu zo kan bidiyoyin TikTok da Facebook, don na san ka gani. Wani ya zuba tafasasshen ruwa, ya tura hannu, lotsawa ta fita fat. Wannan a bamba ne, kuma bamba roba ce, zafi na tausasa ta. Ƙofa da fenda da bonet ƙarfe ne, ruwan zafi ba ya yi musu komai. Su kuma kayan gam masu araha da ake tallatawa a intanet, suna iya rage babbar lotsawa mai laushi, amma in ka ja da ƙarfi sai wurin ya taso ya yi ƙululu, gyaransa ya fi na farko wuya. In kuma an taɓa fesa motar, gam ɗin na iya ɗauko fentin gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, a zafin ranar watan Afrilu gam ba ya kama ƙarfe da kyau. Ni kaina na taɓa gwadawa a ƙofar gida da tsakar rana, abin da na samu shi ne ƙofa mai tudu da kwari, da dariyar yaran unguwa. Kuma cikin ƙofa akwai gilashi da wayoyin lantarki, wasu motocin har da na'urar da ke tayar da jakar iska. Kar ka zura rodi a ciki da ka, kuma kar ka yarda wani ya huda maka ƙofa da sunan neman hanya.

Wani zai ce ina so in kashe wa masu fanal-bita kasuwa. Ko kusa. Motar da ta yi karo, ƙarfe ya yage, fenti ya tashi, ba ta da magani sai hannunsu, kuma a kan titin Kano zuwa Maiduguri irin wannan aikin ba ya yankewa. Abin da nake cewa shi ne, ba a yi wa ƙurji tiyata. Hasali ma su ne suka fi kowa dacewa su koyi wannan aikin, don sun riga sun san halin ƙarfe. Wudil gari ne mai jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliko Dangote, ga makarantar horar da manyan 'yan sanda, ga malamai da 'yan kasuwa masu motoci. Matashin da ya sayo tsohuwar ƙofar mota a Ƙofar Ruwa, ya rubuta PDR a YouTube, ya zauna yana lotsawa yana fitarwa na wasu watanni, ya kama hanyar abinci. Sana'ar ba ta son gaggawa, ido take so da haƙuri.

Kai kuma mai mota, canjin daga bakinka zai fara. Duk garejin da ka shiga, tambayarka ta farko ta zama, "Za ka iya fitar da ita ba fenti?" In ya ce e, ya nuna maka sandunansa da fitilarsa da hotunan aikin da ya yi. In ya ɗauko guduma da samfefa, ka ce masa ya dakata. Lotsawar da fentinta bai fashe ba ba ta tsatsa, tana iya jiran ka wata uku har ka samu gwani, ko da sai ka shiga Kano. Filar da aka shafa kuwa, ta shafu ke nan.

Ka tura wa wannan abokin naka da baro ya taɓa wa mota Juma'ar da ta wuce, kafin ya kai ta a buga.