Sifana, Adda Da Fartanya: Ina Kuɗinka Zai Tsaya?

Yau a yi mini haƙuri, ba labarin soyayya na kawo ba, maganar ƙarfe ce.

Bara injin ban ruwana ya tsaya, ga albasa ta fara ƙwai. Na garzaya kasuwar Jega na sayo wata sifana marar suna, mai ƙyalli, don araha. Murɗawa biyu ta cinye kan noti. Kwana uku fadamar ba ruwa. Duk wanda ya san noman albasa a ƙasar Aliero ya san abin da kwana uku ke yi wa kunya.

Tun daga nan nake duba suna. Ingco da Total duk daga Caina suke, kuɗinsu tsaka-tsaki, kuma a ganina sun ishi manomin da ke kwance inji jefi-jefi. Stanley ta Amurka ta fi su ƙarko, amma wannan ta bakanike ce mai cin abinci da ita kullum. Ga kuma jabu. Wani mai shago ya taɓa rantse mini a kan filayar da ko waya ba ta yanka.

A wajen adda ban ga kamar mai tambarin kada ba, wadda asalinta Ingila ne. Tana riƙe wasi.

Fartanya kuwa, wallahi ba na ba kamfani kuɗina. Maƙerinmu na Danwarai yana ƙera ta da ƙarfen sifirin mota, ya auna ƙota da tsayina. In ta dakushe in mayar masa, ya koɗa, in biya bayan an kwashe albasa.