Katin manomi a Kadawa: Na'urar da ke buga lamba ba ta isa shaidar biyan kuɗi ba

Duk shekara idan damina ta ɗauke aka fara shirin noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam, akwai wani aiki da ba a yin sa da fartanya, amma idan ya lalace har gona sai ta ji a jikinta. Aikin shi ne rajista: wane ne ke da wace gona, eka nawa ce, ya biya kuɗin ruwa ko bai biya ba.

Ruwan da ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir na wannan yanki daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara magudanan ruwa, ya kuma ƙara wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa nauyin kula da ƙananan magudanai da tattara kuɗin ruwa.

Ma'ana, littafin sakataren ƙungiya ya zama abu mai nauyi. A ƙauyen da ake da Musa biyar da Sani bakwai, wasu ma sunan mahaifinsu ɗaya, kuskuren layi guda kan sa a rubuta kuɗin wani a gaban sunan wani. Daga nan sai rantse-rantse, sai zuwa gaban mai unguwa.

Akwai wata ƙaramar na'ura da za ta rage wannan matsala da kuɗi kaɗan. Ya kamata ƙungiyoyin su karɓe ta, amma da sanin iyakarta.

Yadda take aiki

Na'urar karanta kati ce ta kan tebur, girmanta bai wuce tafin hannu ba, ana jona ta da kwamfuta ta kafar USB. Irinta ce ake gani a ofisoshin da ma'aikata ke ɗora kati kafin a buɗe musu ƙofa. A cikin katin akwai wata 'yar ƙwaya mai ɗauke da lamba da siririyar waya a naɗe. Ba shi da batir, na'urar ce ke ba shi wuta ta iska idan an kusanto da shi.

Dabarar ita ce a saita na'urar ta gabatar da kanta ga kwamfuta a matsayin kibod. Da zarar an ɗora kati, sai ta buga lambarsa a duk inda alamar rubutu take tsaye, tamkar wani ya zauna ya danna maɓallan da sauri. Kwamfuta ba ta neman wata manhaja ta musamman, domin ta riga ta san yaren kibod. Ba a buƙatar intanet.

Don haka sakataren da ya iya Excel ya riga ya iya rabin aikin. Manomi ya ɗora katinsa, lamba ta shiga, sunansa da girman gonarsa da bashin da ake bin sa su bayyana. Haka mai injin casar shinkafa a Kura zai iya rubuta buhunan shanshera da kowa ya kawo, haka dilan taki.

Babbar fa'idar ita ce bayanan suna zama a hannun ƙungiya. Idan ɗan kwangilar da ya kawo kayan ya tafi, ko shirin tallafi ya ƙare, fayil ɗin yana nan, kuma kowace na'ura irin wannan za ta iya ci gaba da aiki da shi. Manhajar da sai an biya kuɗin shekara, ko wadda makullinta ke hannun wani kamfani a Legas, ba ta da wannan sauƙi.

Inda ake yin tuntuɓe wajen saiti

Sauƙin nan ne ke yaudarar mutane su ɗauka babu abin saitawa. Akwai aƙalla abubuwa biyar da ya kamata a daidaita kafin a raba kati ko ɗaya.

Na farko, irin katin. Akwai masu aiki a kan zango 125 kHz, akwai masu 13.56 MHz irin su Mifare. Na'urar wannan ba ta karanta na wancan, sai dai in an sayi mai haɗa biyun. A sayi kati da na'ura tare, a gwada su a gaban mai shago.

Na biyu, siffar lambar. Kati ɗaya zai iya fitowa a matsayin lamba mai alƙaluma 10, ko haɗin haruffa da alƙaluma guda 8, wata na'urar ma takan juya jerin daga ƙarshe zuwa farko. Idan ƙungiya ta yi rajistar manoma ɗaruruwa da wata na'ura, ta lalace aka sayo wata mai wani saitin, babu katin da zai dace da sunan mai shi. Masu tsada ana saita su da manhajar kamfaninsu ko da katin saiti, masu araha da yawa kuma a kulle suke a siffa ɗaya. Mafi aminci shi ne a zaɓi siffar da ta yi daidai da lambar da aka buga a jikin katin, in akwai ta, don ido ya iya tantancewa.

Na uku, abin da ke biyo bayan lambar. A saita na'urar ta danna Enter da kanta idan ta gama, domin alamar rubutu ta sauka layi na gaba. In ba haka ba, lambar mutum na biyu za ta manne da ta farko.

Na huɗu, halin Excel. Yana share sifirin da ke farkon lamba, wato 0004512345 ta koma 4512345. Kuma ba ya riƙe alƙaluma fiye da 15 daidai, sauran sai ya mayar da su sifiri, alhali wasu katunan Mifare lambarsu kan kai alƙaluma 17. Maganin shi ne a mayar da rukunin lambobin zuwa tsarin rubutu zalla tun kafin a fara.

Na biyar, harshen kibod. Na'urar matsayin maɓalli take aikawa, kwamfuta ce ke fassarawa. Idan an saita kwamfutar a tsarin Faransanci, kamar yadda ake samu a wasu da suka fito daga Nijar ko Kwatano, maimakon 1 sai a ga &, maimakon 2 sai a ga é.

Duk waɗannan a rubuta su a takarda, a ajiye kwafi wurin shugaba da ma'aji. Sanin da ke kan mutum ɗaya, ranar da ya yi tafiya ya tafi da shi.

Iyakar da bai kamata a tsallake ba

Abin da ya sa na'urar ta yi sauƙi shi ne kuma rauninta. Tunda kwamfuta ta ɗauke ta a matsayin kibod, fayil ɗin ba ya bambance lambar da ta fito daga kati da wadda wani ya buga da yatsunsa. Wanda ya san lambar manomi zai iya shigar da ita da tsakar dare, ya nuna an ba shi buhun taki biyu, alhali mai katin yana barci a gidansa.

Ƙari a kan haka, katunan 125 kHz na gama-gari ba su da wata kariya. Lambarsu suke faɗa wa duk na'urar da ta kusance su, kuma ana iya kwafe ta zuwa wani katin. Ko a katunan 13.56 MHz, abin da tsarin kibod ya saba karantawa lambar waje ce kawai, ba ɓoyayyen bayanin ciki ba.

Najeriya ta riga ta ga darasin wannan. Lokacin da hukumar zaɓe ta INEC ta kawo na'urar karanta katin zaɓe a 2015, ba ta tsaya ga karanta kati ba, sai da ta haɗa da zanen yatsa, domin kati a hannu bai nuna cewa mai shi ne ya zo ba. Haka tsarin rabon takin zamani ta wayar salula da aka fara a 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, an ƙirƙiro shi ne don taki ya daina ɓacewa tsakanin gwamnati da manomi. Tambayar ba ta canza ba: wa ya karɓa, wa ya gani?

Wasu za su ce to me ya sa ba za a jira cikakken tsari mai zanen yatsa da intanet ba. Amsar ita ce kuɗinsa da kula da shi sun fi ƙarfin yawancin ƙungiyoyin manoma, ga matsalar wuta da sabis a bakin gona. Jiran babban tsari yana nufin ci gaba da littafin da ruwa kan jiƙa, ɓera kan ci. Wasu kuma za su ce littafin ya wadatar tunda kowa ya san kowa. Sanin juna ya yi rauni a yankin da ake haya da jinginar gonaki, inda mai noma bana ba lallai shi ne na baɗi ba.

Abin da ya dace shi ne a bai wa na'urar aikin da ta iya, wato nemo sunan mutum cikin sauri ba tare da kuskure ba. Shaidar kuɗi kuwa ta kasance a wani wurin. A sa hoton manomi ya bayyana tare da sunansa. Duk wanda ya biya a ba shi rasit mai lamba, kwafi ya zauna wurin ma'aji. Wanda ke riƙe da kwamfuta kada ya zama shi ne mai karɓar kuɗi. A ƙarshen kowane mako a buga jerin waɗanda suka biya, a manna a inda jama'a ke taruwa, a kuma adana kwafin fayil ɗin a wata ma'ajiyar daban. Katin da ya ɓata a soke lambarsa a ranar da aka kawo rahoto.

Hukumar kogunan ma tana da rawar takawa. Idan ta fitar da ƙa'ida ɗaya ta irin kati da siffar lamba ga dukkan sassan shirin, manomin da ke da gona a Kura da wata a Bunkure zai riƙe kati ɗaya, kuma ƙungiyar da na'urarta ta lalace za ta iya aron ta maƙwabta ta ci gaba da aiki a ranar.

Manomin da ke ƙarshen magudanar ruwa shi ne ya fi kowa cutuwa idan kuɗin gyara bai taru ba, domin ciyawa da yashi na toshe hanya kafin ruwa ya iso gonarsa. Rajista mai tsafta ita ce ke nuna wa ya biya, nawa aka tara, da inda kuɗin ya tafi. Don shi ya kamata a yi saitin da kyau tun ranar farko, kuma a ci gaba da ba da rasit.