"Za Ta Daidaita" Ba Gyara Ba Ne

Jama'a, yau korafina kan makanikanmu ne, da mu kanmu masu motoci.

Watan jiya na canza taimin bel na 406 ɗina. Washegari da asuba ina tada ta sai na ji wani kuka siriri daga gaban inji, ina taka totur yana ƙaruwa. Na koma gareji, ogan ko kai bai ɗaga ba ya ce: "Yallaɓai sabon bel ne, za ta daidaita." Wallahi maganar nan ta kashe injuna da yawa a ƙasar nan.

Bel ɗin nan shi ke haɗa tafiyar fistin da bawul. A injin 406, in ya tsinke ko ya tsallake haƙora, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji. Abin da ke riƙe bel ɗin daidai kuwa shi ne tenshina. Ka sa sabon bel a kan tsohuwar tenshina, ka yi sabon gini a kan ruɓaɓɓen tushe.

Na kai ta wurin wani dattijo a Kazaure. Bai yi duba ba, bai yi rantsuwa ba. Ya cire bel ɗin waje na altaneta, ya tada ta na ɗan lokaci, kukan yana nan, ya ce to daga ciki ne. Ya buɗe murfi, ga gefen sabon bel har ya fara cinyewa. Ya sauke shi ya juya tenshina da hannu: tana gurzawa kamar da yashi a ciki, tana girgiɗi, giris ya tsiyaye. Boris ya mutu, an kuma ɗaure bel ya yi tauri don a ɓoye. Da ya sa sabuwa, sai da ya juya inji da hannu zagaye biyu ya ga alamomi sun hau daidai, sannan ya taɓa makulli.

Na san za a ce laifinmu ne, ba ma son kashe kuɗi. Akwai gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 albashi ba ya kai wata, ni ma da bakina na ce "a rage mini". Amma ban san ciki ba, shi ya sani. Haƙƙina ne ya ce mini: bel, tenshina da famfon ruwa tare ake canza su, ga kuɗinsu, ga abin da zai faru in ka ƙi. In na ƙi, ruwana. Yin shiru ka karɓi kuɗin aiki cin amana ne.

Ku auna: da ta tsaya mini da daddare tsakanin Gwiwa da Kazaure, da iyali a baya, wa zan kira? Kuɗin tenshinar da na sayo a Ƙofar Ruwa bai kama ƙafar kuɗin gyaran kan inji ba. Araha ba ta ado.

Shawarata: ka tsaya a kan aikinka, ka karɓi tsoffin kayan a hannu, sabon ƙara kuma kar ka yarda a ce maka "haka suke". Makanikai masu amana, ku tsawata wa na cikinku, sunanku ake ɓatawa.

Wa aka taɓa gaya wa "za ta daidaita"? Allah Ya haɗa mu da masu gaskiya.