Ƙuri'a a Gaban Mai Gona

Kafin shekarar 1832 akwai wata mazaɓa a Ingila da ake kira Old Sarum. Kufai ne a bisa tudu, masu zaɓe a cikinsa ba su kai ashirin ba, amma yana aika wakilai biyu majalisar dokoki, alhali birnin Manchester ba shi da wakilin kansa ko ɗaya. Iyalin Pitt sun mallaki filin fiye da shekara ɗari, kuma wanda suka nuna shi ke hawa kujera. Dokar 1832 ta soke irin waɗannan mazaɓu guda 56. Duk da haka manomin da ke aron gona ya ci gaba da faɗin zaɓinsa da baki a gaban wakilin mai gonar, har zuwa 1872 da aka kawo ƙuri'ar sirri. A ganina, gyaran 1872 ya fi taɓa rayuwar talaka.

Ɗalibanmu na nan Ma'adi sun san kwatankwacin wannan a tarihin Masar, inda manyan masu gonaki suka cika majalisa kafin dokar 1952 ta ƙayyade mallakar mutum ɗaya a kan fadan 200.

A ƙasar Hausa abin ya ɗauki wata siffa. Babu iyalan da suka mallaki gunduma sukutum kamar a Ingila, sai dai rabon gona da karɓar haraji suna hannun hakimi da dagaci, kotun alƙali da 'yan doka kuma suna ƙarƙashin En'e. To, wa zai saɓa wa mai wannan iko a bainar jama'a? An ga haka a zaɓen 1951. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta yi nasara a matakin farko cikin birni. Amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta bai wa En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe. Da aka kammala, ko ɗan NEPU ɗaya bai shiga Majalisar Wakilai ta Arewa ba.

Wasu na cewa biyayya ce kawai, talaka na ƙaunar sarkinsa. Akwai gaskiya a ciki, domin jam'iyyar NPC ta yi rinjaye a Arewa ko bayan an sauya tsari. Sai dai a 1959, lokacin da kowane namiji baligi ya jefa ƙuri'arsa kai tsaye kuma a asirce, Malam Aminu Kano ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Tarayya.