Gwajin hanta gargaɗi ne, jiƙo ba ya goge shi

A duk lokacin da ma'aikacin gwamnati ya karɓi sakamakon gwajin jini ya ga an ja layi a ƙarƙashin ALT, AST ko GGT, tambayar da ya fi yi ita ce wane magani zai sauko da lambobin. Ga wanda ya saba kai dare a mashayun Wuse ko Garki bayan an tashi daga ofis, wannan tambaya ta kauce wa ainihin matsalar. Lambobin alama ce kawai, abin da ya ɗaga su shi ne giyar, kuma babu ƙwayar da za ta gyara hanta alhali ana ci gaba da sha.

Waɗannan sinadarai suna zaune ne a cikin ƙwayoyin hanta. Idan ƙwayoyin suka ji rauni sai su tsiyayo cikin jini. A yawancin ɗakunan gwaji, ALT da bai wuce 40 ba ana ɗaukarsa lafiya lau. Ga mai yawan shan giya kuwa, likitoci sukan ga AST ya ninka ALT sau biyu ko fiye, GGT ma ya yi sama. Matakin farko na lahanin shi ne taruwar kitse a hanta, kuma yana iya warkewa: idan aka daina sha gaba ɗaya, kitsen kan ragu, lambobin kuma su fara sauka cikin 'yan makonni. Idan aka ci gaba, sai kumburi ya biyo baya, daga nan hanta ta yi tabo ta ƙanƙance, matakin da da wuya a dawo daga gare shi.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. Hantar da ta riga ta yi tabo sosai tana iya nuna lambobin da ba su da yawa. Saboda haka saukar lamba kaɗai ba shaidar warkewa ba ce. Likita kan buƙaci hoton ciki, ko na'urar FibroScan mai auna taurin hanta, tare da gwajin bilirubin da albumin da saurin daskarewar jini.

Babban abin da ke hana mutane samun wannan kulawa shi ne kunya. Darakta ko hadimin ɗan majalisa da ake ganin girmansa a unguwa da wurin ibada ba ya son a ji cewa yana sha, don haka sai ya ce wa likita kwalba ɗaya ce a mako. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan da aka ɓoye wa gaskiya zai nemi cuta a inda ba ta, ko ya rubuta maganin da zai ƙara wa hanta nauyi. Sirrin majinyaci amana ce da ƙa'idar aikin likita ta wajabta kiyayewa.

Gaskiyar tana da wani amfani kuma. Wanda ya daɗe yana sha kullum bai kamata ya yanke farat ɗaya shi kaɗai a gida ba. Rawar jiki, gumi, farfaɗiya da ruɗewar hankali na iya tasowa a kwana biyu zuwa uku na farko, kuma suna iya kisa. Irin wannan mutum a asibiti ya kamata ya daina, inda za a ba shi maganin kwantar da jijiyoyi da bitamin B1.

Su kuwa jiƙe-jiƙe da ruwan ɗaci da ake talla a tashoshin mota da shafukan Facebook da sunan wankin hanta, babu hujjar cewa suna gyara ɓarnar giya. Wasunsu da barasa ake haɗa su, wasu kuma su kansu suna lahanta hanta. Farasitamol ɗin da ake haɗiya don ciwon kan safiya ma abin lura ne: iyakarsa ga babba giram 4 a rana, amma ga mai yawan sha likitoci sukan rage zuwa giram 2.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora wa giya laifin komai. Binciken NAIIS na 2018 ya gano cutar hanta nau'in B a kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64. Ƙiba, ciwon suga da magungunan tarin fuka su ma suna ɗaga lambobin. Duk wanda ya ga irin wannan sakamako ya kamata a gwada shi nau'in B da C, domin haɗuwar ƙwayar cuta da giya tana gaggauta lalacewar hanta.

Abuja ba ta rasa wurin zuwa ba: ga Asibitin Ƙasa, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi, kuma ma'aikacin tarayya yana da inshorar NHIA. Idanu suka yi rawaya, ko ciki ya kumbura, ko aka yi aman jini, to a ranar za a tafi. In ba haka ba, a daina sha bisa shawarar likita, a maimaita gwajin bayan wata ɗaya zuwa uku, kada kuma a ɗauki kyakkyawan sakamako a matsayin izinin komawa mashaya.