Ɗaɗɗoyar bakin Kainji: Idan suna ya ɓace, magani ya bi shi

Kwanakin baya wani abokin aikina da ya dawo daga taro a Koriya ta Kudu ya kawo mini tsarabar wata 'yar kwalbar mai da ƙunshin busasshen ganye, yana ta zuba mini labarin yadda mutanen can ba sa zaman cin gasasshen nama sai da wannan ganye a gefe. Da na murza ganyen na shinshina, sai hankalina ya koma bakin ruwan Yauri, inda mata ke tsinko ɗaɗɗoya a bayan ɗaki su jefa cikin farfesun kifi. Ƙamshin ba ɗaya ba ne, amma kowa ya ji ya san jini guda ne. Masana tsirrai ma haka suka ce: ganyen Koriyan, wanda suke kira perilla, da ɗaɗɗoyarmu da na'ana'a duk 'yan gida ɗaya ne. Abin da ya dame ni tun ranar shi ne, me ya sa nasu ya zama abin alfahari da ake tsaraba da shi ƙasa da ƙasa, namu kuwa yara masu tasowa ba su ma iya nuna shi a gona?

Bari mu fara da nasu. Perilla tsiro ne na gabashin Asiya. Sinawa na kiransa zisu, Jafanawa na ce masa shiso, Koriyawa kuwa sun raɗa masa sunan da ma'anarsa ita ce “riɗin daji”, ko da yake ba shi da wata dangantaka da riɗi sai dai kamannin ƙwaya da kuma man da ake matsa daga cikinta. Jafanawa na shimfiɗa koren ganyensa a ƙarƙashin ɗanyen kifi, suna rina 'ya'yan itacen da suka jiƙa a gishiri da jan nau'insa. A likitancin Sinawa na gargajiya ana ba da shi don mura da tashin zuciya da kuma ɓacin ciki bayan cin kifi ko ƙaguwa, kuma yana cikin tsirran da Li Shizhen ya bayyana a babban kundinsa na magunguna da aka buga a 1596. Da zamani ya zo, masu binciken kimiyya ba su yi lalube a duhu ba, domin sun tarar da suna tabbatacce da bayani rubutacce. Suka auna, suka gano cewa fiye da rabin man ƙwayarsa nau'in kitsen nan ne da ake kira omega-3. Ashe ba wai ganyensu ya fi namu albarka ba ne. Sun dai riƙe sunansa, sun rubuta amfaninsa, sannan suka gwada.

To mu fa? Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ana sa ɗaɗɗoya a miya da farfesu, ana dafa ta a sha don ciwon ciki da gudawa, ana sirace da ita idan mura ta kama mutum, ana kuma ajiye ta ko a turara ta a ɗaki don korar sauro. Yarbawa na kiranta efirin, Ibo na ce mata nchanwu, kuma su ba su yi wasa da ita ba, ko a kasuwannin birane za ka same ta. Binciken kimiyya ya nuna cewa man da ke ba ta ƙamshi yana ɗauke da sinadarai masu kashe wasu ƙwayoyin cuta, har da irin wanda ke cikin kanumfari. Wato iyayenmu mata ba shirme suke yi ba. Sai dai iliminsu a ka yake, a baki yake tafiya, kuma abin da ke ɗauke da shi daga uwa zuwa 'ya shi ne harshe.

A nan ne maganar ta shigo fagena, a nan ne kuma ƙasar Yauri ta zama abin lura. Mai karatu zai tuna cewa Yauri da Ngaski da Shanga ba ƙasar harshe ɗaya ba ce. Akwai Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, akwai Kambari da Lopawa da Dukawa da Shangawa, ga Sarkawa masunta, ga Fulani makiyaya, ga Hausawa. Yawan harsunan yankin ne ya sa masana suka ari sunan tafkin suka laƙaba wa wani rukuni guda na harsunan Nijeriya, suna ce musu harsunan Kainji. Harshen Shanga kuwa daban yake, domin danginsa na can cikin harsunan Mande, irin su Bambara ta ƙasar Mali. Kowane ɗaya daga cikin harsunan nan yana da nasa sunayen ciyayi da itatuwa da saiwoyi, kuma kowane suna yana tafe da bayanin inda tsiron ke fitowa, da lokacin tsinkarsa, da wanda aka hana wa cinsa.

Wannan ilimi ya sha bugu sau biyu. Bugun farko shi ne na ruwa. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, tafkin da ya taru ya shanye tsibirai da fadamu da tsohuwar Bussa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. An gina musu gidaje, amma ba wanda zai iya gina wa mutum fadamar da kakarsa ta koya masa sunayen ganyayenta. Bagungen da ya san tsirran tsibirinsa ɗaya bayan ɗaya ya wayi gari a kan tudu, cikin ciyayin da ba su san shi ba, shi ma bai san su ba.

Bugu na biyu ya fi na farko shiru, kuma dole mu Hausawa mu faɗa wa kanmu gaskiya a kai, domin harshenmu ne ke yin sa. Mafi yawan Shangawa yau Hausa suke yi, harshensu ya rage a tsirarun ƙauyuka, kuma sauran harsunan yankin ma wannan hanya suka kama. Ba laifi ba ne mutum ya koyi harshen kasuwa da makaranta da wa'azi. Amma a matsayina na ɗalibin harshe na san cewa idan al'umma ta sauya harshe, kalmomin gaisuwa da ciniki su ne ke samun madadi nan take. Sunayen tsirrai da kifaye da tsuntsaye kuwa sau da yawa ba sa samun magaji. Abin da kaka ke rarrabewa da sunaye uku ko huɗu, jika zai haɗe shi ya ce “ciyawa”. Na taɓa gwada ɗalibaina a aji, na ce kowa ya rubuto sunayen ganyayen miya da na magani na garinsu. Bayan zogale da kuka da rama da yakuwa da tafasa, sai alƙalami ya tsaya wa da yawansu. Su ne kuwa malaman gobe.

Na san wani zai ce, Malam, asibiti muke nema da ƙwararrun likitoci, kai kana kiranmu zuwa ga ganye. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na cikin masu cewa duk abin da aka gada lafiyayye ne. Masu tallar magani da lasifika a tashoshin mota, waɗanda kwalba ɗaya tasu ke warkar da basir da hawan jini da ciwon suga, sun yi wa jama'a illa ba kaɗan ba. Ko perillar da ake yabo, da ta bazu a Amurka ta zama muguwar ciyawa mai kashe shanu, saboda wani sinadari nata da ke lalata musu huhu. Abincin wani, gubar wani. Amma wannan hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Sunan ɗaɗɗoya kansa ba tsiro ɗaya yake nufi ba: akwai ta gida mai manyan ganye, akwai ƙarama mai laushi, akwai kuma ta daji da ke cika bakin hanya, wadda asalinta ma daga nahiyar Amurka ta zo. Tsohuwar da ta san aikinta ba za ta rikita su ba. Wanda ya tsinci sunan a waya ba tare da bayaninsa ba shi ne ke cikin haɗari. Maganin wannan ruɗani shi ne a tantance, a rubuta, a gwada, ba a yi watsi ba.

Kuma an taɓa yi an ga amfani. Likitan nan ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar Sin kafin ya zo Arewa, ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, sannan babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, kuma har yau masu bincike na komawa gare su. Hukumar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan don masu ciwon sikila daga wani haɗin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi. A ƙasar Sin, Tu Youyou ta bi diddigin wani tsohon rubutun likitanci ta fito da maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau, ta kuma sami kyautar Nobel a 2015. Abin kunya ne a ce fiye da shekara ɗari bayan Dalziel, muna da jami'o'i a Birnin Kebbi da Aliero da Zuru, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, amma baƙo ne har yanzu madogararmu.

Shawarata ba ta buƙatar biliyoyi. Na farko, sassan nazarin harsuna da na tsirrai da na harhaɗa magunguna su daina zaman 'yan marina, su haɗa ɗalibai su tura su Yelwa da Wara da Shanga da ƙauyukan bakin tafki, kowane tsiro a ɗauki hotonsa da samfurinsa, a naɗi sunansa da muryar mai harshen, a rubuta yadda ake amfani da shi da abin da ake gudu game da shi. Na biyu, Masarautar Yauri da ƙananan hukumomin uku su buɗe ƙofa, domin tsohuwa ba za ta saki sirrin da ta gada ga baƙon da bai zo ta hannun mai gari ba. Na uku, a rubuta sunan duk wanda ya ba da ilimi da garinsu, ta yadda in wata rana abin ya zama kuɗi, ba za a ci da guminsu ba. Na huɗu, abin da aka tattara a mayar da shi ƙananan littattafai na makarantun firamare, da Hausa da kuma harsunan yankin.

Lokaci ba ya wajenmu. Waɗanda suka yi wayo a tsibiran kafin ruwa ya ci su a 1968, yau ƙaraminsu ya doshi saba'in. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai idan an same ta a cikin tulu. Kafin a je ga jami'a da gwamnati, ni da kai mai karatu muna da abin yi: idan ka je gida hutun nan, zauna da Inna ko Gwaggo, ka tambaye ta sunan ganyen da ke bayan ɗakinta da abin da yake yi, ka rubuta. Allah ya sa mu farga tun masu amsa mana suna raye.